Shagon Ɗinkina da Kunnuwana Biyu

Litinin, 5 ga Mayu
Yau aka saka min na'urar ji a kunne biyu. Ƙarama kamar ƙwayar wake, amma ihunta ya fi ƙarfinta. Likitar kunne, yarinya sa'ar autata, ta ce, "Mama, kunne zai ji, amma ƙwaƙwalwa sai an sake koya mata." Ta tsara min aiki: da safe wani ya karanta min abu ba tare da na ga bakinsa ba, in maimaita. Da rana rediyo. Mako na uku in shiga hayaniya. Kada in cire sai wanka da barci.

Babba, ɗana, ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In ban iya jin masu kawo ɗinki ni kaɗai ba, in rufe shago in koma gidansa. Shagon da ni da mijina Malam muka buɗe da keken ɗinki ɗaya! Zan ji. Ba yau na fara koyon abu ba.

Laraba, 7 ga Mayu
Mai kitso, maƙwabciyar shagona, ta karɓi aikin safe. Ta kare baki da faranti tana karanta min jarida. "Yaya, kika leƙo bakina na fasa." Na ci rabi. Wai 'yan kunnena masu batir sun fi na gwal tsada, gara su yi aiki.

Asabar, 10 ga Mayu
Shekaru Malam ne kunnena. Mace ta gama bayanin rigarta, shi ya juyo ya maimaita min a hankali, ina kallon leɓensa. Ban san nisan da ciwon kunnena ya yi ba sai da ya rasu. Allah Ya jiƙansa.

Talata, 13 ga Mayu
Ashe haka kekena ke kuka? Ya sha mai yau.

Alhamis, 15 ga Mayu
A shago ina bin tsarin likita tiryan-tiryan. A gida kuwa, ina rufe ƙofa nake cirewa. Firij na gurnani, famfo na ɗiga, agogo na ta tafiya. Komai na magana a gidan nan ban da Malam. In na cire, sai shirun da na saba ya dawo, kamar yana ɗakinsa ne, ni ce kawai ban ji motsinsa ba.

Litinin, 19 ga Mayu
Asibiti. A ɗaki shiru na cinye gwajin tas. Da ta kunna hayaniya a bayan muryar, sai na ɓata. Ta ce, "Mama, a gida kina sakawa?" Na kalli takalmina. Ba ta yi faɗa ba. Wai a gida ƙwaƙwalwa ke koyon watsar da ƙananan ƙara, in ba ta saba da firij ba, ba za ta iya da titi ba. Na ce ba firij ne damuwata ba. Ta riƙe hannuna, ba ta ƙara tambaya ba.

Juma'a, 23 ga Mayu
Na yi abin kunya. Shekaranjiya wata ta kawo yadi, babura na wucewa, ban ji komai ba amma na yi ta gyaɗa kai. Na yanka yadda na ga dama. Yau ta zo karɓa a gaban matar Babba, ashe ba ɗinkin da ta ce ba ne. Na ba ta haƙuri, zan sake mata.

Da yamma Babba ya iso. "Mama, wahalar nan ta isa." Na ce wata bai ƙare ba, kuma ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Lahadi, 25 ga Mayu
Na bar na'urar a kunne har magariba, a gida. Na yi kukana, na ji muryar kukan ma, ba daɗi. Sannan na wanke kwanuka.

Laraba, 28 ga Mayu
Yanzu ƙofar shago a buɗe muke aikin safe, rediyo na yi. Mai kitso ta juya tana ce wa wadda take yi wa kitso, "Tsohuwar nan taurin kai gare ta kamar jaki." Na ce, "Na ji ki, marar kunya!" Ta saki matsefi ta yi guɗa. Wai shi ke nan, gulma ta ƙare a layin nan.

Asabar, 31 ga Mayu
Babba ya zo ya zauna a benci, wai hutawa yake. Wata ta shigo ina kan keke, bayana gare ta. Ta faɗi wuya, ta faɗi hannu, na amsa. Tsawon ne ya wuce ni. Na juyo na ce, "Sake faɗa, 'yar nan, ban ji ba." Ta sake. Duniya ba ta tashi ba.

Da ta fita, Babba ya daɗe yana kallon rufi. Sai ya ce kwanon nan zai yi yoyo, zai turo kafinta kafin ruwa ya yi ƙarfi.

Da la'asar na shiga ɗakin Malam na ninke rigunansa. Ashe tsuntsaye na taruwa a bayan tagarsa, surutu kamar kasuwa, bai taɓa gaya min ba. Na zauna a bakin gado har suka watse. Ban cire na'urar ba. Gajiya ce ta hana ni, ina ga.