Gwiwar Baba Gana

Auyo, ranar Lahadi

Zuwa ga jikata Adila, amaryata 'yar makaranta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin, ya karatu, ya zafin Haɗeja? Mu nan sai godiya. Ruwa ya fara ja da baya, shinkafa ta fitar da kai. Na rubuto da ajamina ne don ke na koya wa karanta hannuna, wayar gidan nan kuwa kowa ɗauka yake.

Ki sani ƙaryarmu ta girma fiye da yadda na so. Da na ce gwiwa ke damuna, ki raka ni asibiti, don in samu hanyar kai ki wajen likita, wallahi na manta da 'yan dubiya. Mutumin da bai taɓa taka asibiti ba tun yana saurayi a bakin kogi, sai gari ya ce lallai abin ya kai. Zaure ba ya rabuwa da mutane. Wannan kunu, wancan farfesun tarwaɗa, kowa sai ya ji abin da likita ya ce. Kin san ni. Mai son sanin wa ya haifi wa, ko inda iyakar gona take kafin ruwa ya cinye ta, wurina yake zuwa, ban taɓa murguɗa wa kowa zance ba. Yau ga ni ina ɗingishi da lafiyayyar ƙafa. Jiya na mance na ɗingisa da ta hagu, alhali ta dama na ce tana ciwo.

Amma in na dubi kwanukan nan sai in gode Allah da ni aka kawo wa. Da ke ce, da an tsaya a kanki sai kin cinye, gobe kuma zancen yana bakin rijiya.

Har yanzu ban gane ciwon nan ba, ba zan ɓoye miki ba. Yunwar da na sani ta rashin hatsi ce. Na dai ga agwagin gida suna ƙiba da tuwonki kina ramewa, na kuma ji ki bayan rumbu kina amayar da ɗan abin da kika haɗiya. Likitar ta ce ciwo ne kamar kowane, yana da magani. Ranar da ta rufe ƙofa ta bar ni kan benci, ta kuma ƙi gaya mini abin da kuka tattauna, na ji haushi ƙwarai. Sai a kan babur muna dawowa na lura, wadda ta hana kakanki ba za ta ba wani ba.

Ki ci abin da ta tsara miki ko ba daɗi. Allah ya ba ki lafiya.

Naki tsohon ango,
Baba Gana

Auyo, ranar Talata

Zuwa ga Adila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya. Takardarki ta iso, ba ta yi mini daɗi ba. Wai ba za ki koma asibiti ba don kin hangi 'Yar'azumi maƙwabciyarmu a layin karɓar magani. To ta gan ki, sai me? Yarinya ta gani ta rako kakanta. Ita ce ma ta dawo tana yaba ki.

Ni nan abin da na sha ya fi wannan. Uwarki Saude ta kafe sai ta bi ni asibiti wannan Alhamis, wai ba ta mutu ba da za a bar yarinya da ɗawainiyar kakanta. Gaskiyarta ce. Na ce a'a, ta nace, har na gaya mata maganar da ban taɓa gaya mata ba, na ce ba na son rakiyarta. Ta fita tana share ido da bakin mayafi. Tun ranar tuwo kawai take turowa, ba ta shigowa. 'Yata ce, Adila, a kafaɗata na tsallaka da ita ruwa shekarar da gidanmu ya rushe. Sau da yawa bakina ya buɗe zan gaya mata, sai in tuna alkawarin da na yi miki. Zancen naki ne. Ranar da kika shirya ki gaya mata da bakinki, ni zan zauna kusa. Tana tambaya me ya sa kike ramewa, ina cewa karatu ne, ba na jin ta yarda.

Na gaji, amarya. Tsufa bai dace da irin wannan aiki ba. Amma ban ɓata da 'yata don ki zauna a ɗaki ki ƙare ba.

Alhamis da hantsi ina kan bencin nan na ƙofar likita. In kin zo, alhamdu lillahi. In ba ki zo ba, ina nan zaune har su rufe, mako mai zuwa kuma in dawo.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki,
Baba Gana