Na Hana Matar Baffana Shiga Kwamfutar Ɗakin Gwaji

Anti Nuhad, don Allah ki taimaka min da shawara. An kira ni gidan kaka ranar Juma'a, kuma na san ba don cin mansaf, shinkafa da naman rago, ba ne.

Ni ke kula da kwamfutoci a ɗakin gwajin jini na baffana, Dakta Fawwaz, a nan Irbid. Da na fara aiki, kowa da kalmar sirri ɗaya yake shiga, har manna ta aka yi a bango. Sai na mayar da wata tsohuwar kwamfuta sabar, wato uwar sauran kwamfutocin, mai riƙe da sunayen ma'aikata: kowa da sunansa da kalmarsa, kuma abin da ya shafi aikinsa kaɗai zai gani. Na sha wuya kafin ta zauna.

Matar baffa, Ummu Rakan, ba ma'aikaciya ba ce, amma ta saba zama a teburin karɓar baƙi tana leƙa sakamakon mutanen unguwa. Wace ce ke da ciki, wa ke ɓoye ciwo, a bakinta ake ji. Ranar Lahadi ta zo, kwamfuta ta ƙi ta. Yanzu wai na wulaƙanta ta a wurin mijinta. Baffa ya ce in buɗe mata suna a zauna lafiya, mahaifiyata ma fushi take da ni. Wallahi ba zan buɗe ba. Babbar kalmar sabar a kaina kaɗai take, in sun ga dama su kore ni.

Mai Taurin Kai, Irbid

'Yata, kada ki buɗe. Wanda ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa amana ya ba ku.

Amma ke ma da naki laifin. Kin bar babbar mace ta ji kunya a gaban ma'aikata, alhali da kin sanar da baffanki tun farko, da hakan bai faru ba. Ki ba ta haƙurin wannan, shi kaɗai. Sannan wurin ba naki ba ne. In kika kwanta ciwo, wa zai shiga sabar? Ki damƙa wa baffanki kalmar, ku biyu, ba a gaban dangi ba. Ki nuna masa cewa sabar tana rubuta sunan duk wanda ya buɗe wa wani ƙofa. In zai buɗe mata, ya yi da hannunsa, da sunansa na likita. Ina zaton ba zai yi ba.

Allah ya dafa miki, ya huci zuciyar mahaifiyarki.