Jatan Lande da Manja

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Yaya, mun ga tashin hankali. Ranar Asabar na soya jatan lande da wani yajin Amurka mai suna Kajun, yadda maƙwabciyata a nan unguwar Bronx ta koya min. Autata Hanifa ta ci uku kacal, leɓenta ya kumbura, numfashinta ya sarƙe. Na ruɗe, na tsaya ɗura mata manja kamar a gida, har Babanta ya fizge ta ya kira motar asibiti. Likita ta ce jikinta ne ba ya karɓar jatan lande, kuma saura ƙiris na rasa ta.

An sallamo mu. Ki gaida kowa, Inna ta sa mu a addu'a. Amma kar ki yi mata zancen manjan. Ita ta koya min.

Ƙanwarki,
Zulai