Ƙorafi kan korar Malam Wada Ɗanlami daga ajin juya itace

Idirisa Sha'ibu,
Malamin sashen juya itace,
Unguwar Sabon Gari, Maradi.

Litinin, 17 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Cibiyarmu ta Koyon Sana'ar Itace,
Maradi.

Game da: Hukuncin kora da aka yanke wa Malam Wada Ɗanlami ranar 10 ga Fabrairu, 2025

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafi kan hukuncin da aka ambata a sama. Tun farko ina shaida maka cewa mai ƙorafin nan yana cikin waɗanda ake ƙorafi a kansu.

1. Malam Wada masassaƙi ne na Tibiri, mai shekara sittin da ɗaya. Da gizago ya ci da gidansa, yana sassaƙa turmi da akushi, har kafaɗarsa ta daina ɗaukar sara. Shi ya sa ya zo wurinmu ranar 4 ga Nuwamba, 2024, ya koyi tur, injin da ke juya itace. Farkon ya yi masa wuya. Hannun da ya saba kai wa itace sara ba ya son tsayawa wuri ɗaya itacen ya zo ya same shi. Mako uku yana caka ƙarfe yana ɓata guntayen itacen dogon yaro. Daga baya ya iya kwantar da ƙarfen a kan madogara, ya iya sauraren ƙarar itacen. Muciyarsa ta farko tana nan a atalye, wato ɗakin aikinmu.

2. Ranar Juma'a, 7 ga Fabrairu, ya shigo daga masallaci da babbar riga, ya tsaya gaban tur. Hannun rigar ya naɗe a itacen. Na kashe kuran, wato wutar lantarki, amma kafin nan bel ɗin injin ya tsinke, shi kuma ya gurje a damtse.

3. Rahoton da aka kai wa kwamiti ya ce ya karya dokar tufafi bayan an gargaɗe shi. Ranka ya daɗe, ba a gargaɗe shi ba. Dokar tana manne a bango da Faransanci, shi kuwa ajami kaɗai yake karantawa. Wanda ya kamata ya faɗa masa da baki ni ne. Na ga rigar tun daga ƙofa. Na san abin da tur ke yi wa tufa mai faɗi, domin shekara goma sha huɗu ina koyar da wannan. Amma Malam Wada kawun matata ne, surukina ke nan. Ko sunansa ban taɓa kamawa a gabansa ba, kuma da ba don takarda ta tilasta ba, da ban rubuta shi a nan ba. Bakina ya kasa ce masa ya tuɓe riga a gaban ɗalibai. Sai na rage gudun injin, na tsaya kusa, na ce a raina hakan ya isa.

4. Ban taɓa sanar da cibiya wannan dangantaka ba. Ranar 10 ga wata, da kwamiti ya tambaye ni ko ɗalibai duka sun san doka, na ce sun sani. Tsoron aikina ne ya sa. Shi kuma ba a kira shi ba, ba a ji ta bakinsa ba.

5. Jiya na je Tibiri duba shi. Raunin yana warkewa, alhamdu lillahi. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, sannan ya roƙe ni gafara, wai ya lalata mini inji ya jawo mini magana a wurin aiki. Na dawo Maradi na fara rubuta wannan takarda.

Saboda haka ina roƙonka, cikin ladabi, da a janye korar, a gyara rahoton ya nuna cewa sakacin nawa ne, kuma duk hukuncin da ya dace a yanke mini shi. Ina kuma roƙon a karanta wa kowane sabon ɗalibi dokokin atalye da Hausa. Game da Malam Wada, a mayar da shi rukunin abokin aikina Malam Ya'u, wanda ba ya jin nauyinsa kamar yadda nake ji.

Ranar 24 ga Fabrairu ake rufe jerin masu jarrabawar ƙarshe. In sunansa bai shiga ba, gizago zai koma ɗauka da wannan kafaɗar. Ina roƙon a duba lamarin kafin ranar.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya taimake ka a kan adalci.

Naka mai biyayya,

Idirisa Sha'ibu