Sunan Malam a Takardar Banki

Fagge, ranar Litinin

Zuwa ga ƙawata Maman Favour,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki? Allah ya sa ɗorin ya kama. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, sai na kawo takarda kusa da hanci nake gani. Na ba Samuel mai adaidaita ya miƙo miki, don layin wayata ma an toshe shi.

Kin san ranar ashirin ga wata likita ya sa zai cire min yanar idon nan. Ya ce in biya kafin ranar, in ba haka ba a ba wani gurbina, ni kuma sai bayan wata shida, idon kuwa ba zai jira ba. Kuɗin suna banki, shekara biyu ina tara su da cinikin turaren wuta. Ke kika ce in daina ajiya a gwangwani, kika kai ni, kika cike min takardar da Turanci.

To, ranar Alhamis mai POS na wajen Bata, inda nake cire kuɗi, ya ce an rufe asusun. Na shiga bankin tun hantsi, sai bayan la'asar layi ya zo kaina. Ina zaune alhazan kasuwar Kwari suna wucewa ciki ana ja musu kujera. Ma'aikaciyar ta ce sabuwar doka ce, dole sunan asusu ya zo daidai da na katin ɗan ƙasa, nawa kuwa sun saɓa. Wai a katin Yakaka Malam aka rubuta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk wata suna yankar kuɗin saƙon da ban iya karantawa ba, ban taɓa cewa uffan ba. Sai da na zo ɗaukar abina suka ce ba su san ni ba.

Ki gaida Baban Favour.
Taki, Yakaka

Sabon Gari, ranar Laraba

Yaya Yakaka,

Ina gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, amma wasiƙarki ta kusa sake karya ta, don na yi dariya har na zamo daga kujera, daga baya kuma na yi kuka.

Ni na san yadda aka yi. Mai yin katin ya tambaye ki sunan mijinki, kika sunkuyar da kai kika ce Malam, shi kuma layi ya yi masa yawa ya rubuta abin da ya ji. Ni kuwa a banki Fannami na rubuta, don shi ne sunansa, Allah ya ji ƙansa. Shekara ashirin rumfunanmu suna jere a kasuwa ban taɓa jin sunan nan a bakinki ba. Ni kuwa mijina Cyprian tun daga bakin layi nake ƙwala masa kira, ga shi nan bai ragu da komai ba.

Na tambayi Kosisochukwu, 'yar cocinmu ce da ke aiki a wani banki. Ta ce ki je kotu ki yi takardar rantsuwa cewa Yakaka Malam da Yakaka Fannami mutum ɗaya ce, ki kai musu. Ta ce irinki sun fi a ƙirga, duk masu ƙaramin ƙarfi ne, don mai kuɗi a waya ake gyara masa. Na ji kunya da ni na kai ki. Ki tafi gobe, saura kwana tara.

Ƙanwarki,
Obiageli

Fagge, ranar Juma'a

Maman Favour,

Na gode, Allah ya bar zumunci. Na je kotun jiya, na dawo hannu rabbana.

Na biya kuɗin takarda, na yi alwala, magatakarda ya ɗora min Alƙur'ani ya ce in faɗi sunayen biyu da bakina. Na faɗi na farko. Da na zo na biyu sai harshena ya yi nauyi. Na ce ya karanta, ni in ce haka ne. Ya ce ba shi ne mai rantsuwar ba. Wasu suka yi dariya, na ɗauki mayafina na fito.

Ke abin dariya ne a wurinki, na sani. Amma shekara talatin da takwas muka yi, ban kira shi ba. Ko ranar da ya cika a asibiti, da aka tambaye ni sunansa, katinsa na miƙa. Ba tsoro ba ne, Maman Favour, girmansa nake gani, haka na ga uwata tana yi. Yanzu ba na dafa masa, ba na yi masa wanki, wannan kaɗai ya rage da nake yi masa. Shi ma banki yake so ya karɓe.

Wataƙila haka Allah ya rubuta. Makafi ma suna rayuwa.

Taki, Yakaka

Sabon Gari, ranar Asabar

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, don haushinki nake ji. Wa zai auna miki turare in kin makance?

Akwai maganar da na riƙe shekara huɗu, yau zan faɗa. Lokacin da Fannami yake kwance na zo dubiya, kika fita ɗebo ruwa. Ya bi ki da kallo yana murmushi, ya ce da ni, "Maman Favour, kin ga matar nan? Zan tafi ban ji yadda sunana yake fita a bakinta ba. Na so in ji ko sau ɗaya ne." Ya ce kada in gaya miki, za ki ji nauyi.

Ranar Talata zan ɗingiso da sanda in raka ki.

Obiageli

Fagge, ranar Litinin da yamma

Maman Favour,

Ina gaishe ki. Kada ki wahalar da ƙafarki, na koma kotun da kaina.

Na faɗi sunansa. A hankali ya fito, magatakarda ya ce bai ji ba, sai na sake da ƙarfi. Ashe suna ne mai daɗin faɗa. Na zauna a bencin waje na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa.

Banki sun karɓi takardar, sun ce jibi za a buɗe. Alhamis zan biya asibiti, in Allah ya yarda. Ki sa ni a addu'arki, ki gaida Baban Favour.

Taki har kullum,
Yakaka Fannami