Harafin A Guda Ɗaya Aka Ɗaura Mana Aure da Shi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Malamai da Likitoci kan Gwajin Aure,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya gafarta Malam, ni mai sayar da gero ne a Sandamu, kuma tsoro ne ya sa na ɗauki biro.

Na farko: shekara shida da suka wuce limaminmu ya ce ba zai ɗaura mana aure ba sai da takardar gwaji. Muka je wani ɗakin gwaji na 'yan kasuwa a Daura, na nemi gwajin jini kawai, don sunan da na sani ke nan. Takardata da ta amarya duk suka fito da harafin A. Liman ya ɗauka AA ɗin da ake nema ne, aka shafa fatiha. Ashe rukunin jini aka auna mana, ba jinin gado ba. Mu biyun AS ne. Ɗiyarmu Hauwa'u tana da sikila. In ciwon ya tashi, ko zane ba ta son ya taɓa ƙafarta. Ban ga laifin liman ba. Mai gwajin kuwa bai tambaye ni komai ba, kuma har yau ƙofarsa a buɗe take.

Na biyu, wanda ya fi tayar mini da hankali: matata tana da ciki wata biyu. An ce mu kai ta birni a gwada ɗan tun yana ciki. In aka ce sikila ne, sai me? Wani malami ya ce haramun ne a taɓa cikin, wani ya ce akwai sassauci kafin a busa rai. Wana da ke zaune Jidda ya ce can hukuma ce ke gwajin, ta zaunar da masu aure ta yi musu bayani. Na ji a rediyo Turawa har gyara jinin gado suke yi, amma bisa doka. Mu nan kowa da abin da yake faɗa.

Roƙona shi ne a tantance masu gwaji, a rubuta sakamako da Hausa yadda liman zai gane, sannan malamai da likitoci su ba mu magana ɗaya kan gwajin ɗan da ke ciki. Ina jin tsoron saɓa wa Allah, ina jin tsoron kallon wani ɗan nawa yana irin kukan Hauwa'u. A taimaka a hanzarta, Malam. Cikin nan girma yake yi, ba ya jiran zaman kwamiti.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare zuriyarka daga wannan ciwo.

Wassalam.
Mahaifin Hauwa'u, Sandamu.