Haɗin tafarnuwar da na jingina wa malamar asibiti

Assalamu alaikum, masu wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a sassauta min, ni ma ƙyamar kaina nake ji.

Ni magidanci ne a Barunde, da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci. A hankali na koya har na iya karanta abin da ke cikin waya. Matata tana da ciki, sai ciwon sanyi ya kama ta, ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri. Ta je awo, malamar asibiti ta rubuta mata maganin matsi, ta dawo ta ce in sayo. Ina zaune a cikin keke napep na ga wani rubutu a waya, wai masana sun gano tafarnuwa da kanumfari suna kashe wannan cutar. Ni kaɗai na karanta, ba wanda ya taya ni, kaina ya kumbura, na ce tunda a rubuce yake ai gaskiya ne. Na daka su, na kwaɓa da man darbejiya, na kai mata a kwalba.

Ta shinshina ta yamutsa fuska. "Baban Hauwa, wannan ai kayan miya ne." Na ce, "Na biya ta wurin malamar, ita ta ce a haɗa haka." Me ya kai bakina? Don kada ta raina karatuna?

Ta yi matsi da shi. Wurin ya ƙone ya saɓule, ko fitsari sai da hawaye. Warin ya kama zani da katifa. Ni nake dafa mata ruwan ɗumi, tana cewa, "Allah ya bar min kai, kai kaɗai ke tausayina." Wane irin namiji ne zai ji wannan ya ce amin? Na ce amin.

Yanzu ta rantse ba za ta koma awo ba. Na lallaɓa ta, ta ce, "Wurin matar da ta dafa ni da raina? Gara in haihu a ɗakina." Ta gaya wa maƙwabciyarmu mai ciki, ita ma ta daina zuwa. Ga ciwon bai tafi ba, ga cikin ya tsufa.

In na faɗi gaskiya za ta koma asibiti, amma da wane ido za ta sake kallona? In na yi shiru, ita da abin da ke cikinta fa? Jama'a, me zan yi?